Kowace Kaka da Mudunta: Musun Busa a Badujalar Amurka

Duk inda tsofaffin 'yan badujalar Amurka suka haɗu, musu ɗaya ne ba ya ƙarewa: wace shekara ce busa ta kai maƙura? Dattijo zai rantse maka cewa tun da ƙungiyar Spirit of Atlanta ta yi busa a 1980 ba a sake girgiza fili irin haka ba. Na bayansa ya ce a'a, sai dai Star of Indiana ta 1993. Yaron da ya ajiye ƙaho bara kuwa ba ya jin kira sai an ambaci Carolina Crown ta 2013. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ni da na yi busa a wata ƙaramar ƙungiya a ƙarshen shekarun 1990, daga baya na koma koyar da yara, na daɗe da gane cewa kowa a cikinsu da mudunsa yake awo, kuma mudun bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Wannan badujala ba ta soja ba ce, ko da yake daga can ta samo tushe. Bayan yaƙin duniya na farko, ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da coci-coci da 'yan sikawut suka riƙa tara yaran unguwa suna ba su ganga da begila. A 1972 aka yi gasar farko ta DCI, hukumar da ke shirya wa waɗannan ƙungiyoyi gasa, a garin Whitewater na jihar Wiskonsin, Anaheim Kingsmen ta ɗauki kofi. Har yau matasa ne ke yin ta, wanda ya wuce shekara 21 ko 22 ya gama nasa. Ana shiga sansani a watan Mayu, a kwana a daɓen makarantu, a yi ta yawo cikin bas daga jiha zuwa jiha, a rufe kaka a watan Agusta. Wasan duka bai fi minti goma sha ɗaya zuwa sha biyu ba.

Abu na farko da masu musu ke mantawa shi ne ƙahon kansa ya canza. Begilar asali ba ta da madanni ko ɗaya, leɓe kaɗai ke fitar da 'yan muryoyin da take da su. Aka ƙara mata madanni ɗaya, daga baya aka haɗa da wani na murɗawa, a ƙarshen shekarun 1970 aka halatta madannai biyu, sai a 1990 aka kai uku. Ma'ana, 'yan Spirit na 1980 akwai muryoyin da ƙahonsu ba ya iya fitarwa sam. Jim Ott, wanda ya tsara musu busa, sai da ya riƙa kewaye waɗannan ramuka yana zaɓen abin da zai zauna daram a kan ƙahon. A wannan shekarar ya rasu a hatsarin mota ana tsakiyar yawon gasa, kuma sunansa ne kofin gwanayen busa ke ɗauke da shi har yanzu.

Dukkan waɗannan ƙahoni a muryar G aka ƙera su, kuma na riski ƙarshen zamaninsu. Ina tuna ranar da aka fara miƙo mini nawa. Gabansa ya fi bayansa nauyi, kafin minti biyar kafaɗuna sun ɗauki wuta. Malaminmu ya jera mu kamar jinjirin wata, ya tsaya a tsakiya, ya ce kowa ya riƙe murya ɗaya har ƙidaya goma sha shida. Muka busa. Ya rufe ido, ya bi layi a hankali, ya tsaya a gabana, ya nuna ƙasa da ɗan yatsa. Na sassauta leɓe kaɗan, sai na ji rawar da ke tsakanin sautina da na maƙwabcina ta lafa, muka zama murya guda. Haka ƙahon G yake: yana da kaifi da tsawa, yana huda iska har kujerar ƙarshe, amma yana da gardama. Wasu muryoyinsa a karkace suke fitowa, sai mai busa ya miƙe su da kunnensa da leɓensa. Ƙungiyar da ta daidaita mutum sittin a kan irin wannan ƙarfe ta yi aikin da ba a ganinsa a takardar maki.

A 2000 aka buɗe ƙofa ga ƙaho na kowace murya. Cadets da Blue Devils ne suka fara komawa ƙahonin muryar Bb da F, irin waɗanda makarantu da manyan makaɗa ke amfani da su a ko'ina. Dalilan a fili suke: ɗalibi ba sai ya sake koyon sabon ƙaho ba, daidaita murya ya yi sauƙi, sannan idan kaka ta ƙare ana iya sayar wa makarantu kayan. Cikin 'yan shekaru duk manyan ƙungiyoyi suka bi. Sauti ya yi kauri da laushi, ya rage yaga. Dattawanmu suka ce an yanka kazar da ke ƙwai, matasa suka ce yanzu ne aka fara jin kiɗa. Na busa duka biyun, kuma na san kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Aka zo 2004 aka shigo da lasifika, 2009 kayan lantarki, 2014 aka halatta turombon da danginsa. Yawan 'yan ƙungiya ma ya tashi daga 128 zuwa 135, ya kai 150 a 2008, daga baya ya kai 165. Layin busa da a da yake wajen mutum sittin ya zama tamanin.

Abu na biyu shi ne alƙalanci. Har zuwa farkon shekarun 1980, alƙali yana bin ka a fili da allon rubutu, duk kuskuren da ya ji ya ja layi a rage maki. Wannan tsari ya haifi masu busa masu tsabta ƙwarai, amma ya sa masu tsara kiɗa tsoron abu mai wuya, tun da yawan wahala yawan tuntuɓe. Daga 1984 aka koma gina maki daga ƙasa: me aka ɗora maka, kuma yaya ka sauke shi? In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Garfield Cadets, wato Cadets da sunansu na da, da suka ci kofi sau uku a jere daga 1983 zuwa 1985, su ne suka nuna hanya, George Zingali yana zana musu tafiyar da ba a saba gani ba, suna busa suna gudu. Mai busa na 1975 yakan dasa ƙafa ya fuskanci jama'a ya saki tsawa. Na yau yana fitar da sautin ne yana ja da baya a guje, ko yana durƙushe, abokin muryarsa yana can nesa da shi taku arba'in. Don haka 99.15 na Cavaliers a 2002 da 99.65 na Blue Devils a 2014 ba sa gaya maka wa ya fi wa. Maki yana jera ƙungiyoyin dare ɗaya ne kawai, ba ya tsallaka shekara.

Fili ma yana da baki a maganar. Da can a sarari ake kammala gasa, sauti ya tashi ya bi iska. Tun 2009 a filin Lucas Oil na Indiyanafolis ake yi, ƙarƙashin rufi, inda amo ke dawowa ya lulluɓe na bayansa. Ga kuma naɗin sauti: yawancin masu musu kaset ɗin da aka ɗauka shekara arba'in da suka wuce suke gwadawa da naɗin zamani. A nan kam gani ya kori ji, wanda ya tsaya a gaban layi ya ji ƙirjinsa na rawa ya san abin da na'ura ba ta kama ba.

To me ya rage da za a iya bi daga kaka zuwa kaka? Silsilar malamai. Jim Prime da Donnie VanDoren sun gina busar Garfield, suka ɗauki ilminsu zuwa Star of Indiana, wadda attajirin nan Bill Cook ya kafa a Bulumintin. Star ta ci kofi a 1991 da kiɗan Respighi, ta zo ta biyu a 1993 da kiɗan Barber da Bartok, sannan ta bar gasa. Mutane suka ɗauka sautin ya tafi ke nan. Ashe ɗaya daga cikin yaranta, Matt Harloff, zai riƙe ragamar busa a Carolina Crown, wadda ta ci kofinta na farko a 2013 da cikakken maki 20 a busa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka Wayne Downey ya shafe shekaru da dama yana riƙe da muryar Blue Devils, har ta kai kana jin ƙidaya huɗu ka san su ne.

Dole abin ya zauna a hannun malamai, domin layin busa ba ya zama mutum ɗaya shekara biyu. Kowane Agusta wasu sun tsufa sun fita, wasu kuɗin shiga ya gagare su. A shekarun da na koyar, na ga kakar da muka gaji manyan yara masu ƙwari, cikin mako biyu sauti ya kama. Na kuma ga kakar da rabin layi sababbi ne, muka shafe watan Mayu ba mu bar numfashi ba: hannu a ciki, shaƙa huɗu, saki takwas, safe da yamma, tun kafin ƙaho ya taɓa baki. Makinmu ya faɗi a wannan shekara. Amma a makon ƙarshe, a filin ajiye motoci inda ake ɗumama leɓe, suka riƙe wata doguwar murya suka yanke ta tare, shirun da ya biyo baya ya fito tas kamar an sa wuƙa. Wata yarinya 'yar shekara 16, wadda a watan Mayu ba ta iya riƙe ƙidaya takwas, ta sauke ƙaho hawaye na zuba. A wurina wannan kakar ta fi wadda muka fi samun maki.

Shi ya sa idan ɗalibaina suka tambaye ni wace shekara ce ta fi, nakan ce su fara tambaya: wane ƙaho aka ba su, wace doka ke kansu, me aka ce su yi da ƙafafunsu, kuma daga ina suka taso a watan Mayu? Bayan nan su kasa kunne ga abubuwa uku da ba su taɓa canzawa ba: ko sun shaƙi numfashi tare, ko muryarsu ta zama ɗaya, ko sun yanke ta tare. Wanda ya saurari 1980 da 1993 da 2013 da wannan kunne zai ji hannu yana miƙa wa hannu, kuma zai fahimci cewa yaran da za su shiga sansani a watan Mayu mai zuwa su ne za a miƙa wa na gaba.