Gasar sauya hotuna da kwamfuta: Tsakanin wasa da yaudara

Gasar sauya hoto wasa ne da masu sha'awar kwamfuta ke yi a tsakaninsu, inda ake ba kowa hoto guda, ya sarrafa shi yadda basirarsa ta ba shi.

Daga nan sai abokai su duba aikin juna. Sukan lura da inda haske ya fito, da yadda inuwa ta faɗi, da kuma gefen abin da aka yanko aka liƙa, domin a nan ne aikin sabon shiga ke tona kansa.

Manhajar da ta fi shahara a wannan fage ita ce Photoshop, wadda 'yan uwan juna Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, kamfanin Adobe na Amurka kuma ya fitar da ita a 1990. A yau wayar salula ma tana yin aikin.

Sai dai abin da ya halatta a wasa haramun ne a aikin jarida. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto, Adnan Hajj, saboda ya ƙara hayaƙi a hoton harin Isra'ila a Beirut.

A yankuna irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na jihar Katsina, waɗanda suka sha fama da hare-haren 'yan bindiga, hoton ƙarya guda na iya tayar da hankalin gari. Idon da ya saba gano kuskuren inuwa a gasa, shi ne zai fara gano irin wannan hoto.