Digiri da Ijaza

Jami'ar Bangui, wadda aka kafa a 1969, hatiminta take bugawa a takardar wanda ya kammala. Mu kuwa a karatun zaure shaidarmu ijaza ce: malami ya rubuta cewa wane ya sauke littafi kaza a gabansa, ya jero malamansa har zuwa mawallafin. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya karɓi irinta daga Malam Jibrilu ɗan Umar.

Rikicin 2014 ya watsa malaman Kilomita Biyar da dama zuwa Cadi da Kamaru, wasu hannu rabbana, ko littafi ɗaya babu. Silsilar tana ƙirjin waɗanda suka rage. Ɗalibai, kafin walimar saukar bana kowa ya tambaya: "Malam, a wajen wa kuka yi karatu?" Ya rubuta sunayen.