Kwana a Fili: Yadda Tsohuwar Doka Ta Dawo Jihohin Amurka

Hukunta wanda ba shi da makwanci tsohon abu ne a Amurka. Daga Ingila ta gaji dokokin hana gararamba, aka yi ta kama matalauta da su har 1972, lokacin da Kotun Ƙoli ta rushe dokar birnin Jacksonville saboda ba ta fayyace laifin da take hukuntawa ba.

Daga nan muhawara ta koma kan kuɗi. A 1987 majalisar tarayya ta zartar da dokar McKinney, wadda ta buɗe ƙofar tallafi mai yawa ga marasa matsuguni. A 1992 Sam Tsemberis ya fara wani tsari a New York: a ba mutum ɗaki na dindindin tukuna, ba tare da sharaɗin sai ya daina shaye-shaye ba, magani ya biyo baya. Sannu a hankali gwamnatin tarayya ta rungumi tsarin.

Sai dai kuɗin haya ya ci gaba da hauhawa, tantuna suka yawaita a gefen tituna. A 2018 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke, a shari'ar birnin Boise, cewa ba a hukunta mai kwana a waje muddin babu gado a matsugunan gari.

Wasu jihohin da hukuncin bai shafa ba suka ɗauki wata hanya. Texas ta haramta kafa tanti a filin gwamnati a 2021. A 2022 Tennessee ta mai da shi babban laifi, mai ɗaurin da zai iya kai shekara shida. Missouri kuwa ta haɗa biyu a shekarar: ta haramta kwana a filin jiha, ta kuma karkatar da kuɗi daga gidajen dindindin zuwa matsugunan wucin gadi. Kotun ƙolin jihar ta soke dokar a 2023, domin an cusa ta cikin ƙudurin da ya tattaro batutuwa barkatai.

A Yunin 2024, a shari'ar Grants Pass, alƙalai shida cikin tara na Kotun Ƙoli suka ce irin wannan hani bai saɓa wa tsarin mulki ba. Ƙidayar Janairun shekarar ta sami fiye da mutum 770,000 ba su da gida. Wanda aka ci tara ko aka ɗaure kuwa yakan fito da tabon laifi a takardunsa, kuma su ne mai gidan haya da mai ɗaukar aiki suke fara dubawa.