Yadda Juji Ya Zama Kasuwa: Tarihin Zangon Gigahaz 2.4

Zangon rediyo na gigahaz 2.4, inda Wi-Fi da Bluetooth da Zigbee suke cuɗanya a yau, ba don sadarwa aka ware shi ba. A taron Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da aka yi a Atlantic City ta Amurka a 1947 aka keɓe shi ga injinan masana'antu da na asibiti da na bincike, masu fitar da igiyar rediyo ba tare da ɗaukar saƙo ba. Na'urar ɗumama abinci tana cikinsu. Saboda hayaniyarsa ya zauna kamar juji har 1985, lokacin da hukumar sadarwa ta Amurka ta yarje wa kowa ya yi aiki a ciki ba lasisi, muddin ya rage ƙarfi kuma ya jure katsalandan.

Ƙa'idar 802.11 ta fito a 1997 da gudun megabit 2 a daƙiƙa, ta kai 11 a 1999, shekarar da aka raɗa mata suna Wi-Fi. Shi kuwa Bluetooth, kamfanin Ericsson ne ya soma aikinsa a garin Lund na Suwidin a 1994, ya ci sunan wani sarkin Denmak na ƙarni na 10.

Halinsu ya sha bamban. Wi-Fi tana zama wuri guda ta mamaye kusan megahaz 20, kuma sai ta saurara ta ji shiru kafin ta aika. Tashoshi uku kacal, 1 da 6 da 11, ke zama ba su taka juna ba. Da farko Bluetooth bai san sallama ba: tsalle yake tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a daƙiƙa, ya faɗo kan duk wanda ya tarar. Abin ya fi muni a kwamfutar cinya, inda eriyoyin biyu suke dab da juna. Sai a 2003 aka koya masa shaida tashoshin da ke da cunkoso ya tsallake su.

A wannan shekara aka fitar da ƙa'idar da Zigbee ya ginu a kanta, mai tashoshi 16 da gudun kilobit 250. Mafi yawan lokaci barci yake don kada batir ya ƙare, masu girka shi kuma kan zaɓi tasha ta 15 ko 20 ko 25, waɗanda suka faɗa ratar da Wi-Fi ta bari. Ita Wi-Fi daga baya ta kwashe manyan kayanta zuwa gigahaz 5, sannan 6 daga 2020.