Ƙafar Bayan Mota: Daga Porsche Zuwa Fijon Bodija

Lokacin da aka buɗe Kasuwar Bodija a Ibadan a 1987, aka kwaso masu kayan abinci daga Orita Merin da masu shanu daga Sango, motoci biyu ne ke tashe a Najeriya: Bitil ta kamfanin Volkswagen da Fijo 504. Dukkansu tun 1975 ake haɗa su a gida, ɗaya a Ojo ta Legas, ɗaya a Kakuri ta Kaduna. Amma guda ce kawai ta shiga fatauci. Hausawan Sabo ta Ibadan, waɗanda aka yanka wa unguwarsu tun 1916, harkar shanu da goro ta riga ta koya musu cewa abin hawa da bayansa ake auna shi. Bitil ta tsaya a hannun malaman makaranta da ma'aikatan sakatariya, Fijo ta kama hanyar Arewa. Rashin wurin zuba kaya a Bitil na cikin dalilan, sai dai akwai wani dalilin a ƙarƙashin mota, kuma tarihinsa ya faro ne daga Jamus.

A 1903 wani injiniya, Edmund Rumpler, ya fito da dabarar raba aksul ɗin baya gida biyu. Kafin nan sanda ɗaya ce ke riƙe da tayoyin baya, idan ta dama ta faɗa rami sai ta hagu ta ji a jikinta. Rumpler ya sa kowane rabi ya maƙale a tsakiyar mota da gaɓa guda, yana lilo sama da ƙasa shi kaɗai. Mota ta yi laushi a kan gargada, ga arha, ga sauƙin ƙira. Ferdinand Porsche ya rungumi dabarar, ya sa ta a motocin tseren Auto Union a 1934, ya kuma sa ta a Bitil. Da ɗansa Ferry ya ƙera Porsche 356 a garin Gmünd na Ostiriya a 1948, da kayan Bitil ya fara: inji a baya, aksul mai lilo. Wato motar gudun da attajiran Turai ke rububi a yau da motar hedimasta a Mokola ta Ibadan ƙafarsu ta baya iri ɗaya ce.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin da aka ɗaga bayan Bitil da jak ya ga aibin da idonsa. Da zarar nauyi ya bar tayoyin, sai ƙasansu ya lanƙwaso ciki, samansu ya buɗe, motar ta yi ƙafar baka. A sauke ta a cika ta da mutane, sai ta koma gwame. Taya ba ta da ikon tsayawa a miƙe, duk inda sandar ta karkata can take bi. To a kwana mai tsanani da gudu, tayar waje takan tokare ƙasa ta cicciɓi bayan motar sama. Yana ɗagawa, tayar ta ƙara shigewa ciki, ta koma taka kwalta da gefenta kawai. Ga kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a baya. Direba ya ji bayan ya fara zamewa, tsoro ya kama shi, ya ɗauke ƙafa daga totur ko ya taka birki, nauyi ya zubo gaba, bayan ya ƙara sakewa. Abin da hankali ke cewa a yi, shi ne ke juya motar ta fuskanci inda ta fito, wani lokaci ma ta kife.

Manyan kamfanoni sun sha fama da wannan. Auto Union ta watsar da tsarin a motar tserenta ta 1938. Mercedes 300 SL ta 1954, mai ƙofofin da ke buɗewa sama, ta yi suna wajen wulla baya a hannun wanda bai ƙware ba, sai da aka saukar da gaɓar aksul ɗin ƙasa aka ƙara mata sifirin na daidaitawa a samfurin 1957. Triumph Spitfire ta Ingila ta fito a 1962, ba a yi mata gyara na sosai ba sai 1970. Ita kanta Porsche da ta sauya ƙafar baya gaba ɗaya a 911, nauyin injin bai daina jan wutsiyar ba, har ta kai an cusa ƙarfe mai kilo 11 a kowane gefen bambar gaba, kafin a ƙara tazarar tayoyin gaba da na baya da milimita 57 a samfurin 1969.

A Amurka ne maganar ta zama ta siyasa. Chevrolet Corvair ta 1960 ta kwaikwayi wannan tsari, kuma kamfanin ya dogara da iskar taya wajen danne aibin: awo 15 a gaba, 26 a baya. Lauya Ralph Nader ya caccaki motar a littafinsa na 1965, kasuwarta ta faɗi, ko da yake binciken da gwamnati ta fitar a 1972 ya ce ba ta fi sa'o'inta muni ba. A ganina batun iskar nan ya fi shafarmu. Bitil ma tana son iskar baya ta fi ta gaba sosai, alhali mai faci a bakin titi ya saba ya ɗura wa tayoyi huɗu iska daidai wa daida, ya buga su da ƙarfe ya ji sun yi tauri, ya ce Alhaji a sauka lafiya.

Volkswagen ta gyara Bitil ɗin da take kai wa Amurka tun 1969, ta ba kowace sanda gaɓa biyu domin taya ta tsaya a miƙe. Masana'antunta na Brazil da Meziko kuwa suka ci gaba da tsohon tsari, kuma daga Brazil aka kawo mana motar da aka raɗa wa Igala, wadda can ake kira Brasília. Sai ga kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun faɗo aljihun ma'aikata a 1975, mutanen da ba su taɓa riƙe sitiyari ba suka zama masu mota, a 1978 kuma aka buɗe babban titin Legas zuwa Ibadan. Ban yarda a yi wa Bitil rashin adalci ba. A yashi da taɓo nauyin injin a kan tayoyin baya taimako ne, ba ta da lagireto balle ta tafasa, kuma a gudun cikin gari aibin nan ba ya ko motsi. Gudu da kwana da tsoro ne ke tashe shi.

Fijo ta bi wata hanyar. 504 ta fito a 1968, kuma salun ɗinta na farko kowace tayar baya cin gashin kanta take, amma da hannun ƙarfe mai riƙe ta kusan a miƙe. Da aka zo wagon a 1971, Faransawa suka koma wa sanda ɗaya mai ƙarfi, suka ɗora ta a kan sifirin huɗu, biyu kowane gefe. A-kori-kura kuma aka ba ta sifirin na faranti. Tsohuwar dabara ce, ba ta da laushin ta Rumpler, amma ko buhu nawa aka lafta tayoyin ba sa karkacewa. Juriyar 504 ta fito fili da ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975 da 1978. Kayan haɗa ta ma ta jirgin sama aka riƙa kwaso su daga Lyon zuwa Kano, sannan a wuce da su Kaduna.

Bayan wagon ɗin nan ne ya dace da hanyar Oyo, Ogbomoso, Ilori, Jebba da Mokwa: layi uku na fasinja, but cike, wani kayan a ɗaure a sama. Tirela ta sauke wake da masara da albasa a Bodija, a-kori-kura ta rarraba su cikin gari. Masu mota suka riƙa zuwa kasuwar kayan gyara ta Agodi Gate suna ƙara faranti a sifirin don ya ɗauki abin da ya wuce ƙa'ida. Nan ma akwai farashi. Birki bai ƙaru ba, kuma idan motar ta juyo ba kaya, bayan da aka taurara sai ya riƙa tsalle a gargada, taya ta saki ƙasa a tsakiyar kwana.

An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har wajen 2006, ita kuwa masana'antar Ojo ta durƙushe tun kafin nan. Motocin Kwatano suka gaje tashoshi, musamman Golf da Sharan, masu inji da ja a gaba. Ba a ƙera bayansu don buhuna ba, don haka ake sauya musu sifirin mai tauri, a cika but har ya ƙi rufuwa a ɗaure da igiya. Yanzu bayan ne ke zaunawa ƙasa, gaban ya ɗaga, tayoyin da ke jan motar, suke juya ta, suke kuma ɗaukar mafi yawan aikin birki, su ne ke rasa nauyin da za su kama kwalta da shi.