Noman Abinci da Ruwan Zartsi: Nazari kan Nasarori da Iyakokinsa

Gabatarwa

Kusan kashi 97 cikin ɗari na ruwan duniya mai gishiri ne, kuma kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri. A 2021, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da taswirar da ta nuna cewa gishiri ya kama ƙasa sama da hekta miliyan 833. Shi ya sa masana suka duƙufa neman tsirran da za a shayar da ruwan zartsi, su kuma ciyar da mutane. Wannan nazari yana ganin cewa aikin mai yiwuwa ne, amma nasararsa ta rataya a kan magudanar ruwa da kasuwa fiye da juriyar tsiron.

Yadda gishiri ke cutar da shuka

Idan gishiri ya yi yawa a ƙasa, saiwa takan kasa zuƙar ruwa, sai shuka ta yi yaushi alhali gindinta a jiƙe yake. Gishirin da ya samu shiga kuma yakan taru a ganye ya ƙone shi. Wake na cikin masu saurin karaya, sha'ir da dabino kuwa suna da dauriya, dalilin da ya sa dabino ke 'ya'ya a Bilma, dab da ramukan gishiri. Tsirran gaɓar teku sun wuce nan. Wasu suna killace gishirin a wani sashe na ƙwayoyin halittarsu, wasu su fitar da shi ta ganye.

Gwaji da ruwan teku zalla

Tsiron da aka fi gwadawa shi ne salikoniya. A 1991, Edward Glenn da abokan aikinsa na Jami'ar Arizona suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a gaɓar Sonora ta Meziko. Da ruwan teku kaɗai suka samu kimanin tan 2 na iri a hekta, kuma kusan kashi 30 cikin ɗari na irin mai ne da ake iya ci. A ƙarshen shekarun 1990 wani masani mai suna Carl Hodges ya kai dabarar kusa da Massawa a Eritiriya, inda ruwan kiwon jatan lande da kifi ke gangarawa gonakin salikoniya ya zame musu taki. Gonar ta tsaya a 2003 saboda matsalolin siyasa.

Har yanzu wannan tsiro bai zama abincin talaka ba. Irinsa ba ya nuna lokaci ɗaya, yana zubewa kafin girbi, tunkuzarsa kuma tana da ɗaci. Dabbar da aka ba karansa takan ƙara shan ruwa saboda gishiri. Kasuwarsa mafi ƙarfi a yau ita ce ta ɗanyen ganye a gidajen abinci na Turai.

Ruwa mai matsakaicin gishiri

A nan ne aka fi samun ci gaba. Cibiyar binciken noman ruwan zartsi ta ICBA da aka kafa a Dubai a 1999 ta yi aiki sosai kan kinuwa, hatsin tsaunukan Bolibiya da Peru, wadda ganyenta ke da 'yan jakunkunan tara gishiri. A tsibirin Texel na Holan an tantace dankalin Turawa mai jure zartsi, aka kai irinsa Pakistan a 2014. Shinkafar Pokkali ta jihar Kerala a Indiya ta ba masana gadon juriyar da suka shigar cikin sababbin ire-ire, Bangladesh ma ta fitar da irin shinkafa mai suna BRRI dhan47 a 2007 domin manoman gaɓar teku. Galibin waɗannan abinci ne da mutane suka saba da shi, don haka manomi ba ya wahalar neman mai saye.

Haɗarin da ke ƙasa

Shuka tana shan ruwa ta bar gishiri a baya, rana ma haka. Dole a zuba ruwa fiye da buƙatar shuka domin rarar ta wanke gishirin ta yi ƙasa da shi. Wannan yana yiwuwa a ƙasa mai yashi, amma a laka marar magudana gishirin taruwa yake yi har gona ta mutu. Masana tarihi Jacobsen da Adams sun bayyana a 1958 cewa irin haka ce ta sa manoman kudancin Iraƙi na dā suka bar alkama suka koma sha'ir. Ruwan wankin kuma yana iya gurɓata rijiyoyin sha idan ba a san inda yake zuwa ba.

Kammalawa

Noma da ruwan teku zalla ya dace ne kawai da rairayin gaɓar teku, inda babu ruwan daɗi a ƙarƙashin ƙasa da za a ɓata. A sauran wurare, har da yankin Tafkin Chadi inda kanwa ke fitowa a gonaki, hanya mafi inganci ita ce irin da aka sani mai juriya. Wajibi ne hukumomin noman rani su auna gishirin ruwa da na ƙasa, su gina magudana, kafin su miƙa wa manomi iri.