Laxton: Ƙauyen da Iyayen Ƙasa Suka Yi Ta Canzawa, Manoma Suna Nan

Kwanakin baya wata magana ta tashi a majalisarmu bayan sallar isha'i, inda aka ce dangin da suka mallaki filin da wasu shagunan unguwarmu suke kai sun sayar wa wani attajiri, kuma babu wanda ya san abin da sabon mai filin zai yi da mutanen da tun kakanninsu suke biyan kuɗin ƙasa a wurin. Wannan magana ita ta tuna mini da tarihin wani ɗan ƙauye a ƙasar Ingila mai suna Laxton, wanda kusan shekara dubu ke nan ana gadonsa, ana sayar da shi, amma har yau manomansa suna noma bisa tsarin da suka taras. Na ga ya kamata in kawo mana tarihin nasa, ko ma tsinci wani abu a ciki.

Inda ƙauyen yake

Laxton yana cikin lardin Nottingham a tsakiyar Ingila, tsakanin garin Ollerton ta yamma, da Tuxford ta arewa maso gabas, da Newark ta kudu maso gabas. A ƙidayar 2011, mutanensa haɗe da na wata 'yar unguwa da ke gabas da shi mai suna Moorhouse ba su cika 500 ba. Ta yamma da shi akwai dajin Sherwood, wanda masu kallon fim suka sani saboda labarin Robin Hood. Ƙasar dajin rairayi ce, amma ta Laxton jar laka ce mai danƙo, mai wuyar huɗa, mai riƙe ruwa, sai dai tana karɓar alkama sosai.

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne gidajen manoma ba a cikin gonakinsu suke ba, kamar yadda aka saba gani a sauran karkarar Ingila. Duk a jere suke a bakin titin ƙauyen, kowane gida da rumbunansa da ɗan dogon fili a bayansa. Gonakin kuwa suna kewaye da gari cikin manyan filaye guda 3, wato Filin Yamma, da Filin Kudu, da Filin Injin Niƙa. A cikin kowane fili an yanka gonaki ziri-ziri, dogaye sirara, babu shinge babu katanga a tsakaninsu, kuma manomi ɗaya zai iya samun ziri a nan, wani can nesa, wani kuma a ɗaya filin. Hikimar ita ce kowa ya samu rabonsa na ƙasa mai kyau da marar kyau, na kusa da na nesa. Duk shekara fili ɗaya za a shuka masa alkama kafin hunturu, na biyu a shuka masa sha'ir ko makamancinsa in sanyi ya wuce, na uku kuma a bar shi saura ya huta, sannan a juya a shekara mai zuwa. A da haka yawancin ƙauyukan tsakiyar Ingila suke noma. Yanzu Laxton ne kaɗai ya rage da wannan tsari tare da kotun da ke kula da shi.

Mene ne gandun uban ƙasa?

Kafin mu shiga tarihin, sai mun fahimci yadda ake riƙon ƙasa a Ingila ta da. Dukkan ƙasa ta sarki ce. Shi ke yanka wa manyan mayaƙansa, su kuma su riƙe bisa sharaɗin biyayya da kawo gudummawar yaƙi. Kowane yanki da aka ba mutum ɗaya tare da manoman da ke zaune a kai, shi ne gandun uban ƙasa. Uban ƙasar yana da gonarsa ta kansa wadda talakawa ke yi masa aiki a ciki, yana karɓar kuɗin haya, kuma yana da kotunsa. Sau da yawa ma ba a ƙauyen yake zaune ba, sai dai ya sa wakili, kwatankwacin yadda hakiman ƙasar Hausa suke zaune a birni kafin zuwan Turawa, jakadunsu ke kai-kawo tsakaninsu da ƙauyuka. Kuma ba dole ne ƙauye ɗaya ya zama gandu ɗaya ba, ana iya samun biyu ko uku a cikinsa.

Daga hannu zuwa hannu

Kafin shekarar 1066, wani mai suna Tochi ne ke riƙe da Laxton. A wannan shekara ce William na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi, ya ƙwace filayen manyan ƙasar ya raba wa mutanensa, sai Laxton ya faɗa hannun Geoffrey Alselin. Da sarkin ya sa aka yi ƙidayar dukiyar ƙasa a 1086, a kundin da ake kira Domesday, an rubuta mutum 35 a ƙauyen, daga cikinsu 6 bayi ne.

Daga nan gandun ya koma gidan Caux, waɗanda ke riƙe da sarautar kula da dajin Sherwood, wato dajin farautar sarki. A arewacin ƙauyen har yau ana ganin wani tudu da aka tara da hannu aka kewaye shi da gwalalo, nan ne gidan tsaron iyayen ƙasar yake, kuma Sarki John kansa ya sha sauka a wurin. Ta hanyar aure gandun ya koma gidan Everingham a ƙarni na 13, waɗanda kaburburansu ke cikin cocin ƙauyen. To amma wajen ƙarshen wannan ƙarni aka kama Robert na Everingham da laifin farautar barayin sarki a dajin da aka ba shi amana, aka ƙwace sarautar dajin daga gidansu. Tun daga nan darajar Laxton ta fara raguwa, ya koma ƙauye kamar kowane ƙauye.

A gefe guda kuma akwai ƙaramin gandu na biyu, na gidan Lexington, waɗanda suka ɗauki sunansu daga tsohon sunan ƙauyen. Gida ne na masu ilimi, domin a ƙarni na 13 sun fitar da Robert wanda ya zama alƙalin sarki, da ɗan uwansa Henry wanda ya zama bishop na Lincoln. Abin lura a nan shi ne ƙasar ƙauyen ta rabu tsakanin masu mallaka fiye da ɗaya, kuma gonakinsu a cakuɗe suke cikin filaye, zirin wannan kusa da zirin wancan. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Babban gandun ya bi ta gidan Roos, waɗanda suka sayar wa George Villiers na Buckingham a 1618, shi kuma ya sayar wa Sir William Courten a 1625. Wannan Courten ɗan kasuwa ne na birnin Landan, mai jiragen ruwa, wanda da kuɗinsa aka kai Turawan farko da suka zauna a tsibirin Barbados a 1627. Da yake ɗan kasuwa ba ya sayen kaya bai ƙirga ba, sai ya ɗauko wani safiyo mai suna Mark Pierce, wanda a 1635 ya auna ƙauyen kaf, ya zana taswirarsa, ya rubuta kowane ziri da girmansa da sunan mai nomansa a cikin littafi. Zirin gonakin da ya ƙirga sun haura 2,000. Har hotunan mutane suna huɗa da girbi ya zana a jikin taswirar, wadda yanzu take ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Oksfod. Courten ya rasu a 1636, bashi ya yi wa ɗansa katutu, a 1640 aka sayar da gandun ga Robert Pierrepont mai sarautar Kingston. Zuriyarsa, waɗanda daga baya aka sani da sarautar Manvers, su suka riƙe Laxton sama da shekara 300.

Yadda ya tsira

Tsakanin 1750 da 1850 aka yi wa karkarar Ingila babban sauyi. Manyan masu ƙasa suka riƙa zuwa majalisar dokoki suna karɓo izinin rushe tsarin ziri-ziri, a haɗe gonaki wuri ɗaya, a kewaye su da shinge. Jimillar irin waɗannan dokoki da aka yi daga 1604 zuwa 1914 ta haura 5,000, kuma sun shafi eka kusan miliyan 7. Noma ya bunƙasa, ba a musu, amma ƙaramin manomi da ke kiwon saniyarsa ɗaya a makiyayar gari ya rasa wurin kiwo, da yawa suka koma 'yan ƙodago ko suka nufi birane neman aiki a masana'antu.

Me ya hana a yi wa Laxton haka? Ba wai tausayi ba ne. Ƙasar ba a hannun mutum ɗaya take ba, domin bayan gidan Pierrepont, gidan Savile na Rufford ma suna da kaso mai yawa, kuma manyan biyu sun kasa daidaitawa a kan yadda za a raba. An ɗan killace wasu gefuna a lokuta daban-daban, amma tsakiyar filayen ta tsaya. Lokacin da kason Savile ya dawo hannun Manvers a shekarun 1860, kuɗinsa sun tafi wajen gina katafaren gidansa na Thoresby, sannan daga shekarun 1870 farashin alkama ya faɗi saboda wadda ake shigowa da ita daga Amurka, babu mai sha'awar zuba kuɗi a gona. A farkon ƙarni na 20 sai aka tsaya a kan haɗe ƙananan zirin su zama manya. Kafin a farga, abin da ake gani ci-baya ne ya zama abin tarihi, musamman bayan wasu masana biyu, mata da miji 'yan gidan Orwin, sun fitar da littafi a kansa a 1938. Ka ga ke nan rashin jituwar manya ya zama alheri ga ƙanana.

A 1952 mai sarautar Manvers na 6 ya sayar wa Ma'aikatar Aikin Gona don a adana tsarin. A 1979 gwamnati ta ce za ta sayar, hankalin manoma ya tashi, masana tarihi suka yi ta ƙorafi, har a 1981 hukumar kula da kadarorin masarautar Ingila ta karɓa. A 2020 kuma aka sake sayar da shi, ya koma hannun gidan Thoresby, wato inda ya fito. A yau manoman da ke haya ba su kai 20 ba.

Kotun ƙauye

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne kotun. Duk shekara a ƙarshen watan Nuwamba, mutum 12 daga cikin manoman, tare da shugabansu, sukan fita su zagaya filin da ya huta aka shuka masa alkama. Suna tafe da turaku na katako da guduma, suna duba iyakoki. Inda turke ya ɓace su kafa sabo, wanda ya ci iyaka da garmarsa ko ya bar ƙasa a kan hanya su rubuta sunansa. Bayan mako guda sai kotu ta zauna a gidan cin abinci da shaye-shaye na ƙauyen mai suna Dovecote, wakilin uban ƙasa yana shugabanta, a kira sunan kowa, wanda bai zo ba a biya masa kwabo 2 na uzuri, a karanta laifuffuka, mai laifi ya kare kansa, a yanka masa tara. A nan ake rantsar da sababbin mutum 12 na shekara mai zuwa, da wanda aikinsa a al'ada shi ne kama dabbar da ta shiga gona ya tsare ta sai an biya. Tarar ba ta da yawa, kunyar a kira sunanka gaban maƙwabta ita ce hukuncin. Da aka yi dokar 1977 wadda ta karɓe ikon shari'a daga irin waɗannan tsofaffin kotuna, an ware ta Laxton an bar mata ikonta.

Akwai kuma filayen ciyawa da ke ratsa gonakin, waɗanda suke zama hanya da magudanar ruwa. Ba a huɗa su, ba a zuba musu takin zamani. Da bazararsu ake gwanjon ciyawar, kuma a al'ada ba ya shiga gwanjon sai wanda hayaƙin gidansa ke tashi a cikin Laxton.

Abin da na tsinta

In muka duba, manoman Laxton 'yan haya ne, ba su da ikon hana a sayar da ƙasar, kuma an sayar da ita a kan idonsu a 1952 da 1981 da 2020. To amma duk wanda ya saya yakan tarar da abubuwa biyu a gabansa, rubutu da jama'a. Akwai taswira da littattafan kotu da ke nuna wane ne ke ina tun ƙarnoni, akwai kuma mutanen da duk shekara suke taka iyakokinsu da ƙafa, suna hukunta junansu kafin wani na waje ya hukunta su.

Mu da muke zaune a Kudu, unguwanni irin Sabo ta Ibadan sun haura shekara 100, amma gidaje da shaguna nawa ne a cikinmu suke da takardar yarjejeniya, ko rasiɗin kuɗin ƙasar da kakanni suka biya? Yawanci magana ce ta baki tsakanin dattawa biyu waɗanda duk sun riga mu gidan gaskiya. Shawarata ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni ita ce a buɗe littafi, a rubuta kowane fili da iyakarsa da wanda ake biya da abin da ake biya, a adana rasiɗai, a kuma sa rana ɗaya a shekara da dattawa za su zagaya su duba. Mu matasa da muka yi makaranta, wannan aiki namu ne, tun masu sanin asalin maganar suna raye.

Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.